Lambobin da Yaya Ya Gyara

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikinku na kwamfutoci. Mu nan lafiya lau, sai abin da zan faɗa miki. Na zaɓi in rubuto ne saboda kin san kunnena da waya. Ƙarar fankokin ɗakin ƙyanƙyasa ta cinye rabinsa, kuma magana irin wannan na fi son in gan ta a rubuce.

Iskar da aka yi da ruwa kwanakin baya ta ɗaga rufin kejin baya ta sake shi a kan jajayen kajin Baba. Zakara ko ɗaya bai tsira ba. Kajin da suka fita kaɗan ne, su ma tsofaffi. Fararen kaji 'yan kasuwa da ke kejin gaba kuwa ko gashinsu bai taɓu ba. Kin san shekarun da Baba, Allah ya jiƙansa, ya kwashe yana zaɓe yana haɗawa har jajayen nan suka zama masu jure zafi da cuta. Ba a sayen irinsu a ko'ina. Abin da ya rage mana shi ne ƙwan da muka tara kafin iskar. Na wanke injin ƙyanƙyasa, na jera su duka, yanzu sun kusa rabin tafiya. Idan suka fito, irin Baba na nan. Idan ba su fito ba, ya ƙare ke nan.

Ga dalilin wasiƙar. Tsohuwar kwamfutar nan da kika girka mana ita ce har yanzu ke riƙe da injin: zafi, danshi, juya tire, buɗe iska. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma tun da abin nan ya faru ba na iya nisa da ɗakin, ko masallaci da sauri nake dawowa. Sai na karɓo wani ƙaramin shiri daga kamfanin injin, wanda zai turo saƙo wayata idan zafi ya sauka. Babbar manhajar tana da gurbin da ake rubuta sunan fayil ɗin da za ta kira idan wani abu ya ɓaci. Na rubuta, na gwada, sai ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Wakilin kamfanin ya ce a sababbin kwamfutoci da kansa yake tashi, tamu ce ta tsufa, in sayi sabuwa. Na ce masa ba a canza kwamfuta ƙwai na cikin inji.

Na haɗo miki duk abin da suka ba ni. Ki duba ki gaya mini ko akwai hanya. Ki yi mini bayani dalla-dalla, kin san ba na buga abin da ban gane ba.

Gwaggo na gaishe ki. Ta ce in tambaye ki ko can inda kike an hana mutane hutu ne.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina kuma yi mana jaje. Na karanta wasiƙarka a ofis, sai da na fita waje na tsaya na ɗan lokaci. Allah ya mayar da alheri.

Na duba abin da ka turo. Wakilin bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Ga yadda abin yake.

A cikin tsarin kwamfutar akwai wani ɓangare da ake kira kanel. Shi ne ke tayar da kowane shiri, babu wanda ke tashi sai ta hannunsa. Idan aka ce ya tayar da fayil, ba sunan fayil ɗin yake dubawa ba. 'Yan lambobin farko yake dubawa, waɗanda suke kamar hatimi a saman takarda. Idan ya ga hatimin shirin da aka rubuta da harshen na'urar kanta, sai ya tayar da shi kai tsaye. Shirin ƙararrawar nan ba da harshen na'ura aka rubuta shi ba. Da wani harshe ne na tsaka-tsaki, ana ce masa baitkod, wanda sai an sami tafinta ya karanta shi ya faɗa wa na'ura. Tafintan yana cikin kayan da suka ba ka. Matsalar kawai ita ce kanel bai san hatimin wannan harshe ba, shi ya sa ya ce bai san fayil ɗin ba.

Da wani wuri ne, da na ce ka sa ɗan gajeren shiri a tsakani ya riƙa kiran tafintan. Amma manhajarku tana duba cewa fayil ɗin da za ta kira shi ne ainihin na kamfanin, ba ta karɓar wakili. Saboda haka sai dai a koya wa kanel. Akwai wurin da ake yi masa rajista: duk fayil ɗin da ya fara da lambobi kaza, ka miƙa shi ga tafinta kaza. Daga nan shirin zai riƙa tashi kamar kowane shiri, manhajar ba za ta ma san da tafinta a tsakani ba. Ga layin:

:kararrawa:M::\x1b\x4c\x75\x61::/opt/inji/tafinta:

Na farko suna ne kawai, lambobin tsakiya su ne hatimin, na ƙarshe adireshin tafintan. Za ka shiga baƙar tagar da ake buga umarni da izinin mai gida, wato cikakken iko a kan kwamfutar, ka tura layin cikin fayil ɗin rajista kamar yadda na zana maka a takarda ta biyu. Sannan ka ba fayil ɗin ƙararrawar izinin tashi, don yanzu ba shi da shi. Wannan rajistar tana gogewa idan an kashe kwamfuta. Akwai wani fayil na dindindin da kwamfuta ke karantawa duk lokacin da ta tashi, na nuna maka shi, amma wannan sai daga baya, bayan an ga komai na tafiya.

Yanzu shawarata, kuma ita ce muhimmiya. Ka bari sai ƙwan nan sun fito. Aikin ƙarami ne, amma a wurinmu ba a taɓa na'urar da ke tsakiyar aiki sai dole. Na san kana so ka sami sararin fita daga ɗakin. Ka raba zaman da Gwaggo da matarka. Ba daɗi, amma ya fi.

Ka gaya wa Gwaggo ba a hana hutu ba, layi ake bi, nawa bai zo ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa. Na gode da bayaninki, na karanta shi har na gane.

Shawararki ta jira ban bi ba. Ranar Lahadi wuta ta yi ta rawa, zafin injin ya ɗan sauka ina wurin kafinta, ban sani ba sai da na dawo. Ya koma daidai da kansa, amma na ce ba zan sake zama babu ƙararrawa ba.

Jiya da yamma na zauna aikin. Kafin in buga layinki na ce bari in tabbatar da lambobin da idona, ba don ban yarda da ke ba, kin dai san halina. Na buɗe jakar fayilolin kamfanin. Fayil biyu ne masu sunan ƙararrawa, ɗaya kwamfuta ta nuna shi da koren rubutu, wanda na san alamar shiri ce, ɗayan fari kamar takarda. Na buɗe koren na duba farkonsa. Lambobin ba su yi daidai da naki ba. Shi da 7f 45 4c 46 ya fara. Na duba har sau uku. Na ɗauka ko gajiyar aiki ce ta sa kika kwafo na wani abu, sai na cire naki na sa waɗanda na gani. Kuma tun da ba na son barin aiki rabi, na fara rubuta shi a fayil ɗin dindindin, sannan na tura rajistar.

Tun daga lokacin duk abin da na buga sai ta ƙi. Ko jerin fayiloli ba ta nunawa. Amsa ɗaya take bayarwa, wai zagaye ya yi yawa. Babbar manhajar tana nan tana nuna zafi daidai, fankoki na juyawa, shi ya sa na ce bari in kwana in sake tunani. Da safe na lura tirolin ƙwan suna nan a karkacen da na bar su jiya. Ba su juya ba. Yanzu da hannun ƙarfen nan na gefe muke juya su.

Ina ganin in kashe ta in kunna, amma na ce bari in fara jin ta bakinki.

Wassalam.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ka fara karanta waɗannan kafin gaisuwa.

Kada ka kashe ta. Kada ka rufe baƙar tagar da ka yi aikin a ciki. Idan tana buɗe, ka bar ta a buɗe, kada kowa ya taɓa madannan. Ka duba batirin ajiya da man janareta yanzu.

To, ina gaishe ka. Ga abin da ya faru.

Farin fayil ɗin shi ne shirin ƙararrawar. Fari ne saboda ba a ba shi izinin tashi ba tukuna. Koren ɗan taimako ne da ke magana da layin waya, kuma shi da harshen na'ura aka rubuta shi. Ya kamata in faɗa maka daga wane fayil na ɗauko lambobina, ban faɗa ba. Lambobin da ka gani gaskiya ne, ba ka karanta ba daidai ba. Amma su ne hatimin duk wani shiri na asali da ke cikin kwamfutar. Wato ka ce wa kanel: duk shirin da ka gani, ka miƙa shi ga tafinta. Shi kuma tafintan shiri ne mai wannan hatimin. Sai kanel ya tashi tayar da tafinta, ya ga hatimin, ya ce wannan ma sai tafinta, ya sake komawa. Haka zai yi ta zagaye har ya haƙura. Zagayen da take ce maka ya yi yawa ke nan.

Duk abin da ya riga ya tashi kafin rajistar yana nan yana aiki, shi ya sa zafi da fankoki ba su tsaya ba. Sabo ne ba zai tashi ba. Juya tire ɗan shiri ne da ake tayarwa duk lokacin da za a juya, shi ya sa ya tsaya. Da ba ka sa layin a fayil ɗin dindindin ba, da kashewa da kunnawa ya warware komai. Yanzu kuwa idan ta tashi za ta karanta layin tun kafin ta tayar da manhajar injin, daga nan ba zafi, ba fanka, ba ma ƙofar da za ka shiga ka gyara.

Maganin layi ɗaya ne, a cikin tagar nan da ke buɗe:

echo -1 > /proc/sys/fs/binfmt_misc/kararrawa

Zai goge rajistar nan take. Zai yi aiki saboda umarnin echo ba shiri ne na daban ba, a cikin tagar yake zaune, ba ya bukatar kanel ya tayar da komai. Idan ya yi, ka je fayil ɗin dindindin ka cire layin.

Ka tuna ranar da za a daina juyawa a ƙara danshi a buɗe iska, shi ma wannan canjin sabon shiri ne ke yin sa, kuma shi ba shi da hannun ƙarfe. Dole a gama kafin ranar. Ka rubuto mini da zarar ka buga.

Allah ya sa mu dace.
Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijin naki mai haƙuri. Ni ce Gwaggonki. Kin san ba na rubuta wasiƙa sai ta kama, to ta kama.

Na san kina can kina duba waya kina jiran amsar yayanki Sufeto. Ba zai rubuto ba, don bai buga ba. Taga dai tana buɗe, wannan kam ki kwantar da hankalinki. Ya ɗauko kwandon wankina ya kife a kan madannan, ya ɗora bulo a kai, ya liƙa takarda a jikin soket ya rubuta kada a taɓa da jan biro. Jiya matarsa ta shiga da tsintsiya, da kin ga yadda ya tare ƙofa sai ki ce kuɗin banki ke ciki.

Wasiƙarki kuwa ya buga ta a takarda tana aljihun gaban rigarsa, har ta yi laushi. Na ce masa, “Sufeto, yarinyar nan ta ce layi ɗaya ne. Ka buga mana mu huta.”

Ya ce, “Gwaggo, wancan ma layi ɗaya ne.”

Na ce, “Wancan ai kai ka sa masa hannu.”

Ya ce, “Shi ya sa. Wancan na duba na yi kuskure. Wannan ko dubawar ba zan iya ba, abin dubawar ya ƙi tashi. Idan na buga tagar ta rufe fa?”

Na ce, “Idan ba ka buga ba fa?”

Sai ya ce mini lokacin juyawa ya yi, ya tashi ya kama ƙarfe.

Kin san shi tun yana ɗan mitsitsi haka yake, ko alewa aka ba shi sai ya juya ta gaba da baya kafin ya sa a baki, abin da ya sa na raɗa masa Sufeto ke nan. Amma ban taɓa ganin ya tsorata da hannunsa ba sai yanzu. Abinci sai na tsaya a kansa. Yana zaune gaban allo ya yi tagumi yana kallon ɗan farin layin nan mai ƙiftawa, kamar mai jiran a kira shi a asibiti.

Wakilin kamfanin ya kira. Ni na riƙe wayar ina maimaita wa yayanki da ƙarfi. Mutumin ya ce, “Hajiya, ki ce masa ya kashe ya kunna, duk duniya haka ake yi.” Na faɗa masa. Ya ce, “Ki tambaye shi idan ba ta tashi ba zai zo yau?” Na tambaya. Mutumin ya ce ai motarsa na wurin bakanike. Na ce to Allah ya ba motar lafiya, na kashe.

Juyawar muna yi mu uku, ni da shi da matarsa. Ƙarfen nan ya fi ƙarfin kafaɗata, amma ina yi, don ni na san wahalar da ƙanena, Babanku, ya sha a kan kajin nan, har gyatumarmu tana cewa ya fi sanin zuriyar zakarunsa da ta dangi. Sai dai ranar Juma'a ce ranar canjin da kika faɗa, shi da kansa ya gaya mini. Ga hadari kullum yana haɗuwa. Jiya wuta ta ɗauke, batirin ya yi ta kuka kafin janareta ya kama, ni dai salati nake ta yi.

Na gwada faɗa, na gwada lallashi. Na ce zan ɗaga kwandon in buga da kaina, ya ce idan na yi haka ba shi ba ni. Ke kika san abin, ke kuma kika san yayanki. Kada ki sake ce masa ya yarda da ke, ba nan matsalar take ba. Ki nemo wata hanyar.

Allah ya yi miki albarka.
Gwaggonki.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Anti matarka da Gwaggo, sannunku da juyi.

Gwaggo ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa. Kana da gaskiya da ka ƙi buga abin da ba ka duba ba, ni ce na turo maka magani babu hanyar dubawa. Ga hanyar. Duk abin da ke ƙasa tambaya ce kawai, babu wanda ke canza komai a kwamfutar.

Ka buga type ls. Za ta ba ka adireshi, wato ls, mai nuna jerin fayiloli, shiri ne da ke ajiye a wani wuri, sai kanel ya je ya tayar da shi, shi ya sa yake ƙi. Sannan ka buga type echo. Ba za ta ba ka adireshi ba, za ta ce a cikin tagar yake. Shi kansa type ɗin a cikin tagar yake, shi ya sa zai amsa maka.

Bayan haka ka karanta rajistar da idonka. Abin buɗe fayil ba zai tashi ba, amma tagar tana iya karantawa da kanta:

while read a; do echo $a; done < /proc/sys/fs/binfmt_misc/kararrawa

Za ka ga adireshin tafintan, ka ga lambobinka a ƙasa. Wannan ya nuna maka adireshin da za ka tura maganin daidai ne, kuma abin da za a goge shi ne abin da ka rubuta, ba wani abu ba.

Yau da safe na ɗauko tsohuwar kwamfutar da ke kan durowata, na yi mata irin abin da ka yi, har fayil ɗin dindindin. Ta ba ni amsar zagayen nan. Na yi tambayoyin da ke sama, na buga layin, ta dawo. Na sake lalata ta na buga layin da kuskuren harafi da gangan, ta ce babu wannan wurin, tagar ba ta rufe ba. Na sake lalata ta na kashe na kunna, don in san gaskiyar abin da na faɗa maka. Tana nan har yanzu ba ta tashi ba, maigidana yana ta yi mini dariya. Hotunan allon suna haɗe, ka gwada su da naka. Idan ka ga wani abu ya bambanta ko da harafi ɗaya ne, ka tsaya ka rubuto.

Abin da zai rufe tagar biyu ne kawai: kalmar exit, ko danna Ctrl tare da D. Ka nisanci kusurwar madannan ta hagu.

Ba zan ce maka babu haɗari ko kaɗan ba. Tawa ba taka ba ce, kuma tawa ba ƙwai a bayanta. Abin da na sani shi ne haɗarin bugawa ya fi na jira ƙanƙanta, kuma na jiran kullum ƙaruwa yake. Da ina da hutu da na taho na zauna kusa da kai, amma ko na zo kai za ka buga, don kai ka san ɗakin.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na buga.

Jiya Alhamis bayan azahar na ɗaga kwandon. Na sa matata ta riƙe wayar da hotunanki, Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa ta ce ita ce mai gadin soket. Tambayoyin sun ba da amsa kamar yadda kika ce. Bambanci ɗaya na gani, adireshin ls nawa ya fi naki gajarta. Kin ce in tsaya in rubuto. Na tsaya na yi tunani, na ga adireshi dai adireshi ne, abin da ake nema shi ne echo ba shi da shi, kuma ba shi da shi. Sai na ci gaba. Idan na yi laifi a nan ki faɗa.

Da na karanta rajistar na ga lambobina a jere, 7f454c46, sai na ji wani iri. Daidai na kwafe su, ko ɗaya ban ɓata ba.

Layin maganin na rubuta shi a hankali, na karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, na sake daga ƙarshe zuwa farko. Gwaggo ta ce, “Idan ka gama sauka sai ka yi mana addu'a.” Na danna. Kwamfutar ba ta nuna komai ba, ta dai ba ni sabon layi. Na ɗauka bai yi ba. Na buga ls, sai ga fayiloli sun cika allo. Na tafi fayil ɗin dindindin na cire layin, na adana, na sake buɗewa na tabbatar babu shi. Muna nan zaune sai matata ta ce in duba, tirolin sun fara karkata da kansu.

Yau da safe muka mayar da ƙwan kwandunan fita. Kafin nan na haska su da tocila ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu sun mutu a ciki, na ware su. Ban sani ba ko tsayawar juyin ce, ko sanyin ranar Lahadi, ko dama ba za su yi ba. Ba zan ɗora wa kowa ba, ba kuma zan wanke kaina ba. Shirin canjin ya tashi lafiya, danshi ya hau, iska ta buɗe. Na rufe ƙofar injin, ba za a sake buɗewa ba sai sun gama.

Ƙararrawar ban sa ba. Na shimfiɗa tabarma a ɗakin. Idan an kwashe 'yan tsaki aka wanke inji, sai mu yi ta tare, a kan injin da babu komai a ciki.

Ki gaya wa maigidanki ina ba shi haƙuri a kan kwamfutar da kika kashe saboda ni.

Na gode. Allah ya saka da alheri.
Yayanki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Gwaggo ce. Yayanki ya ce in rubuta, shi ba zai bar bakin gilashin injin ba.

Sun fito. Jajaye, jiƙe sharkaf, munana kamar ubanninsu, yanzu sun bushe suna tattaka juna. Ba duka ba, amma ya ce sun isa a tayar da keji. Irin Babanku bai ƙare ba.

Kwandon sama ne bai motsa ba, ko tsaga babu. Na ce a kwashe a wanke inji. Ya ce a ba su zuwa gobe.

Na bar shi.

Ki gaida mijinki.
Gwaggonki.